Wace manhaja ce ta fi dacewa da haɗa hotuna? Abin da hoton wani marigayi ya nuna mana a shago

Ana saura kwana tara Babbar Sallah wata Hajiya daga Unguwar Dosa a nan Kaduna ta shigo shagona da ambulan a hannu. A ciki akwai hoton maigidanta, Allah ya jiƙansa, wanda aka ɗauka a situdiyo tun 'ya'yansu suna firamare: farar babbar riga, hula zanna, yana zaune ya ɗan karkata kai. A wayarta kuma akwai hoton 'ya'yan da jikoki, an ɗauka a tsakar gida ranar wani suna. Ta ce, "Malam, so nake ka zaunar min da shi a tsakiyarsu. Jikokin nan babu wanda ya taso ya gan shi."

Tana fita, ɗan yayata da ke koyon aiki a wurina ya ciro waya ya ce, "Kawu, wannan ai aikin minti biyar ne a PicsArt." Na ce to, ya yi nasa in yi nawa, mu buga duka biyun a takarda, gani ya kori ji. Gardamar da muka yi a makon nan ita ce tambayar da matasa ke yi mini kullum: wace manhaja zan kama in koyi haɗa hotuna? Amsata tana bin abu biyu, inda hoton zai ƙare da na'urar da ke hannunka. A kan waɗannan akwai sharaɗi guda da ba na sassautawa: manhajar ta ba ka damar komawa baya ka gyara abin da ka yanka.

Akwai kalmomi biyu da sai an riƙe su kafin a shiga sunaye. Ta farko leya. Ka ɗauka kowane hoto a kan farantin gilashi yake, an jera wani bisa wani: bango a ƙasa, mutum a sama, inuwarsa a tsakani. Kana iya matsar da ɗaya ba ka taɓa sauran ba. Ta biyu maski, wanda ni lulluɓi nake ce wa yara. Maimakon ka goge bangon da ke bayan mutum ya tafi ke nan, sai ka lulluɓe shi. Inda ka shafa baƙi ya ɓuya, inda ka shafa fari ya dawo, inda ka shafa ruwan toka ya bayyana rabi-rabi. Wannan ruwan tokan ne ake buƙata ga kayan da muke sawa a nan. Mayafin amarya mai raga, bakin leshi mai huda-huda, gashin gemu, zaren da ke tashi a gefen rawani, duk ana hango abin da ke bayansu. Manhajar da ta san "a goge" da "a bari" kawai za ta mayar da mayafi kamar an yanko shi daga kwali.

Mu fara da waya, tunda ita ce a hannun kowa daga Rigasa har Barnawa. PicsArt, wadda ta fito a 2011, tana cire bango da taɓawa ɗaya, tana ɗora hoto kan hoto, tana da magogi da hanyoyin cakuɗa launi. Don barka da Juma'a, taya murnar ɗaurin aure, ko hoton da za a sa a sitatus ya wuce cikin awa 24, ta wadatar, kuma ba na raina ta. Kayanta masu kyau da yawa dai sai an biya. Snapseed ta Google kyauta ce gaba ɗaya, ba talla, kuma hannunta a gyaran haske da launi yana da kyau ƙwarai, sai dai hoto biyu take haɗawa a lokaci guda, don haka aikin mutum goma zai gajiyar da kai. Wadda ba a cika ambata ba ita ce ibisPaint. Don masu zane aka yi ta, amma tana da leya na gaske da za ka jera ka koma musu. Wanda waya kaɗai gare shi kuma da gaske yake son sana'ar, ita nake nuna masa. Adobe ma ta fito da Photoshop na waya a 2025.

Matsalar waya tana fitowa ne ranar da aka je bugawa. Aikin ɗan yayata ya yi kyau a fuskar waya, har ni na yaba. Da muka buga shi inci 8 da 10, sai ga wani siririn layi mai duhu ya zagaye babbar rigar, ragowar labulen tsohon situdiyo. Gefen hular ya gutsure. Marigayin kuma kamar yana shawagi a kan tabarma, domin babu inuwa a ƙarƙashinsa. Yatsa a kan gilashin inci shida ba ya ganin waɗannan, takarda kuwa ba ta rufa wa kowa asiri.

Ga lissafin da ya kamata ya zauna a kai. Hoton da za a riƙe a hannu ko a sa a firem ana so ya samu ɗigo 300 a kowane inci. Inci 8 da 10 ke nan fiksel 2400 da 3000. Takardar A4 tana son 2480 da 3508. Banar talla kuwa daga nesa ake kallonta, ɗigo 100 a inci ya isa, amma ko a haka bana mai ƙafa 6 da 4 tana cin fiksel 7200 da 4800. Kyamarar waya mai megafiksel 12 tana ba da kusan 4000 da 3000, wato ta isa firem sarai. Inda ake asara shi ne hanya. Hoton da aka turo ta WhatsApp yadda aka saba, an matse shi an rage girmansa, musamman wanda ya bi ta hannu uku kafin ya iso. Abin da na fara roƙon Hajiya shi ne a nemo wayar da ta ɗauki hoton sunan, a turo shi a matsayin fayil. Tsohon hoton kuma ban ɗauke shi da waya ba, na sa shi a sikana a ɗigo 600. Hoto mai inci 5 da 7 a haka yana ba da fiksel 3000 da 4200, abin da zai isa a yi aiki a natse.

Akwai manhajoji uku da ake yawan kawowa cikin wannan zance alhali aikinsu daban ne. PixelLab ta rubutu ce, ta fasta da katin gayyata. Canva, wadda aka kafa a Ostareliya a 2013, ta tsara shafi ce, kuma mai cire bangonta yana cikin ɓangaren biya. CorelDRAW, da ta fito tun 1989, ita ce sarauniyar shagunan buga bana da kalanda a garin nan, kuma duk mai son hulɗa da masu injin bugawa ya kamata ya iya ta. Amma asalinta ta zanen layi da siffa ce. Idan ka zagaye mutum da layinta, gefen yana fitowa kaifi kamar yankan reza. Shi ya sa fastocin 'yan takara da ake mannawa a Kawo da titin Ahmadu Bello lokacin zaɓe da yawansu kan mutum yake kamar an liƙa shi. Tsarin da nake bi shi ne in gama yanka da haɗi a manhajar hoto, in fitar da shi a PNG, wanda ke riƙe wurin da babu bango, sannan in kai Corel ko Canva don rubutu. JPEG ba ya riƙe wannan, fari zai cika wurin.

Sai manyan guda huɗu na kwamfuta.

Photoshop shi ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi. 'Yan'uwa biyu, Thomas da John Knoll, suka ƙirƙiro shi, Adobe ta fitar da shi a 1990, leya kuma ta shigo a 1994. A aikin haɗi, abin da ya fi burge ni da shi shi ne gefen gashi da yadi. Yana zaɓo mutum da kansa, sannan ya ba ka buroshin da za ka bi gefe da shi, shi kuma ya rarrabe zare da bango, har ya tsotse launin tsohon bangon da ya zauna a bakin tufa. Gyaran haske da launi ma a leya daban yake zama, ka ɗaure shi a kan mutum ɗaya, ka rage ko ka ƙara bayan wata guda. Ga kuma tarin darussa, har da na Hausa a YouTube, kuma fayil ɗinsa na PSD shi ne wanda abokan sana'a ke musaya da shi.

Nauyinsa biyu ne. Tun 2013 Adobe ta daina sayar da sabon Photoshop na mallaka, CS6 na 2012 shi ne na ƙarshe da ake saya sau ɗaya. Yanzu haya ce, wata-wata ko shekara-shekara, kuma duk motsin da dala ta yi sai ka ji shi a aljihu. Na biyu, yana son kwamfuta mai ƙarfi: RAM gigabait 8 shi ne mafi ƙaranci, 16 ake so. Laftof ta hannu mai gigabait 4, irin wadda yawancin masu farawa ke iya saya, wahala kawai za ta sha. Na san abin da ake yi, ana zuwa a loda wanda aka fasa, wato kwafin sata. Ba zan ba kowa wannan shawara ba. Ban da haƙƙin masu abu, na ga abokin sana'a da kwafin da aka loda masa ya zo da cutar da ta kulle fayilolinsa, ciki har da hotunan bikin mutane uku da bai riga ya miƙa ba. Hoton biki ba a sake ɗauka.

Abin da ya sauya lissafin a wurina shi ne Affinity. Kamfanin Serif na Nottingham a Ingila ne ya fito da Affinity Photo a 2015, ana saye sau ɗaya. Canva ta sayi kamfanin a 2024, kuma a ƙarshen Oktoban 2025 ta haɗe manhajojinsa na hoto, zane da tsara shafi wuri guda ta mayar da su kyauta, illa ka buɗe asusun Canva. Kayan ƙirƙirarriyar basira ne kawai ke buƙatar biya. Tana da leya, maski, leyar gyaran launi, da buroshin gyara gefen gashi wanda a gwajina na mayafi bai yi nisa da na Photoshop ba. Tana buɗe PSD. Tana kuma aiki da CMYK, wato tsarin tawada huɗu da injin bugawa ke amfani da shi, saɓanin RGB na hasken allo. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai yin kalandar biki. Shuɗin shadda da koren atamfa masu walƙiya a allo sukan dushe a takarda, kuma gara ka ga dushewar a shagonka da ka gan ta bayan an buga kwafi 500. Rauninta shi ne darussanta ba su kai na Photoshop yawa ba, sunayen wasu kayan sun bambanta, kuma ita ma ba ta jin daɗin tsohuwar kwamfuta. Ga mai ƙaramin shago da ba ya son haya, yau ita nake fara ambata.

Photopea kuwa ba a loda ta. A burauza take buɗewa. Mutum ɗaya, Ivan Kutskir, ya fara ta a 2013 a ƙasar Cek, kuma ya tsara fuskarta ta yi kama da Photoshop sosai, har gajerun hanyoyin madannai. Tana buɗe PSD ta adana PSD, tana da maski da gyaran gefe. Aikin a cikin kwamfutarka yake gudana, ba a tura hoton wani wuri, don haka bayan shafin ya buɗe ba ta cin data kamar yadda ake zato. Kyauta ce, talla a gefe ita ce kuɗinta. Ga ɗalibin Kaduna Polytechnic ko na jami'ar jiha da ke aron kwamfutar ɗan ɗakinsu, wadda ba za a bar shi ya loda komai a kai ba, babu kamarta, kuma duk abin da ya koya a nan zai tafi da shi Photoshop kai tsaye. Amma babban fayil mai leya talatin yana sa ta nishi, kuma idan shafin ya rufe ko aka ɗauke wuta batir ya mutu ba ka adana ba, aikin ya tafi. Mai amfani da ita ya saba da adanawa duk bayan 'yan mintoci.

GIMP ita ce dattijuwar kyauta. Ɗalibai biyu a jami'ar Berkeley ta Amurka, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka fara ta a 1995, kuma har yau masu sa kai ke raya ta. Ba asusu, ba talla, ba ruwanta da intanet bayan ka loda. A tsohuwar laftof ma tana tashi. GIMP 3.0 da ta fito a Maris 2025 ta kawo abin da aka daɗe ana jira, wato gyaran launi da za ka iya komawa ka sauya bayan ka ci gaba da aiki. Maskinta lafiya lau yake. Inda take jan ƙafa shi ne gashi da raga: za ka isa inda kake so, amma da hannu da haƙuri, abin da wata manhajar za ta yi a minti uku ya ci maka ashirin. Ba ta kuma da cikakken yanayin aiki cikin CMYK, kuma PSD mai ado da yawa ba ya buɗewa daidai a cikinta. Wanda ke unguwar da sabis ke wahala, kwamfutarsa ba ƙarfi, aljihu ba nauyi, GIMP za ta koya masa sana'ar tun daga tushe, kuma hannun da ya saba da ita ba ya jin tsoron kowace manhaja.

Idan aka ce in raba su a taƙaice ga mutanen da ke zuwa wurina: mai sitatus ya tsaya a waya, mai koyo da aron kwamfuta ya kama Photopea, mai tsohuwar kwamfuta ba intanet ya kama GIMP, mai shago ya gwada Affinity, wanda kuma aikin hoto ke shigo masa kullum har kuɗin haya ba ya girgiza shi, ko yake musayar fayil da kamfanonin talla, ya biya Photoshop.

Amma yawancin lokacin da na ci a kan hoton Hajiya ba a yanka ya tafi ba, a haske ya tafi, kuma nan babu manhajar da za ta duba maka. Hoton situdiyon haskensa daga hagu yake zuwa, mai laushi, launinsa ya koma ja-ja saboda tsufa. Hoton tsakar gida kuma da hantsi aka ɗauka, rana daga dama. Da a ce bango ne sai in juya shi, amma juya fuskar mutum yana sauya kamanninsa, iyalinsa za su ji wani abu bai zauna ba ko da ba su iya faɗin mene ne ba. Don haka na bar fuskar yadda take, na rage hasken kafaɗar hagu, na ɗan ƙara a dama, na zaunar da shi a gefen da inuwar bango ta faɗa. Kaduna tana kusan digiri 10 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, rana tsaka kusan a kan kai take, inuwa gajera ce mai duhu, tana taruwa a ƙarƙashin hula da haɓa. Lokacin hunturu kuwa hazo yana tace hasken, inuwa ta yi laushi, komai ya ɗauki launin ƙura. Hoton Disamba da na Agusta ba sa zama tare sai an sasanta su. Mutumin da aka ɗauka a hazo ka ɗora shi a koren lambun Gamji na damina, ido zai ƙi shi nan take.

Inuwa iri biyu nake yi, kowace a leyarta. Akwai siririya mai duhu daidai inda jiki ya taɓa ƙasa, ƙarƙashin takalmi da bakin riga, ita ce ke ba mutum nauyi. Akwai kuma mai faɗi mai laushi da ke bin inda sauran inuwoyin hoton suka nufa. Ba na yin su da baƙi tsantsa, daga launin tabarmar nake ɗebo mai duhu. Sai tsayin kyamara: idan an ɗauki ɗaya daga tsaye ɗaya daga tsugune, ƙafafu ba za su taka ƙasa ɗaya ba. Sai ƙwayar hoto: tsohon fim yana da ɗan tsakuwa-tsakuwa, na waya sumul yake, don haka na yafa tsakuwa kaɗan a kan duka don su zama 'yan gida ɗaya. Fatarmu kuma a kula da ita. Manhajojin waya da yawa suna haskaka fata da kansu da sunan gyara, uba ya fito ya fi 'ya'yansa haske alhali ba haka Allah ya yi shi ba.

Ɗan yayata ya tambaye ni me ya sa ba za mu ba ƙirƙirarriyar basira ta yi duka ba, tunda Photoshop ma ya sa irin wannan tun 2023. Ina amfani da ita wajen cike tabarma ko ƙara bango, tana sauƙaƙa aiki ƙwarai. Fuska ce ba na ba ta. Idan ta "gyara" tsohon hoto, sabuwar fuska take zanawa bisa hasashe, ido ya ɗan sauya, tsagar gado ta ɓace. Jikokin nan da wannan hoton za su san kakansu. Haka kuma akwai aikin da ba na karɓa ko da wace manhaja: a kawo hoton 'yar mutane a ce in haɗa ta da wani ba da saninta ba, ko a tsayar da mutum kusa da wani babba don a ce sun gana. Irin wannan ya raba aure, ya zubar da mutuncin gidaje, kuma mai shagon da ya haɗa yana da kaso a alhakin.

Ranar jajibirin Sallah Hajiya ta dawo da autarta. Na buɗe mata a allo kafin in buga. Ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba, sannan ta nuna da yatsa ta ce, "Malam, wannan ƙaramin shi ne mai sunansa. Da za a matso da shi jikinsa." Yaron yana can gefe, rabin kafaɗarsa a bayan yayarsa. Na koma leyarsa, na shafa fari a maski, hannun rigarsa da na lulluɓe ya dawo, na aro ɗaya kafaɗar na cike wadda ta ɓuya, na matso da shi har gwiwar kakansa, na ja inuwarsa ta biyo shi. Ɗan yayata yana tsaye a bayana yana kallo. A wayarsa ya riga ya haɗe komai ya zama hoto ɗaya, da sai ya faro daga farko. Muka buga inci 16 da 20, aka sa a firem mai ruwan zinariya, autar ta rungume shi zuwa Keke Napep. Da yamma na tarar da ɗan yayata ya buɗe Photopea a tsohuwar laftof ɗin shago, ya ɗauko hoton wata amarya da muka yi wa aiki bara, yana bin bakin mayafinta da ruwan toka.